Jan Layin Da Ya Daina Motsi

Tun ranar da Safina ta rantse wa mahaifiyarta, ba ta ƙara jin muryar Hamma ba.

Rantsuwar a fili take, babu kwana-kwana. Ba za ta kira shi ba, ba za ta rubuta masa ba, in ya kira ba za ta ɗauka ba. Inna Indo ce ta sa ta gaba a tsakar gida, bayan shanun dangin Hamma sun faɗa gonar waken Yaya Muttaka ana gab da roro, aka yi faɗa, magana ta kai har gaban jandarma. Ba Hamma ya koro shanun ba, ranar ma yana kasuwar Cadawa. Amma Muttaka, wanda ya zama uban gida tun rasuwar mahaifinsu Malam Mudi, ya ce shi bai san wannan ba. Ɗan ruga ɗan ruga ne, kuma ƙanwarsa ba ta shiga ruga yana raye.

Safina ba yarinya ba ce. Tela ce mai rumfarta a ƙofar gida a Agiye, da kekenta da masu kawo mata ɗinki. Babu mai ikon ɗaura mata aure dole, babu kuma wanda ya gwada. Abin da aka yi mata ya fi dole ciwo. An bar ta da shiru.

Dangin Hamma kuwa suka tattara suka koma yamma, wajen Gidan Rumji, don kada tsautsayi ya sake haɗa su da Muttaka.

Sai dai mai so ba ya rasa ɓarauniyar hanya.

Tun kafin rigimar, Hamma yana biyan abonma, wato kuɗin wata, na wani kamfanin kallo da ake kira Tagar Gari. Asusu ɗaya ne, a salularsa da tata. Suna bin wani fim mai dogon zango, Ɗiyar Mai Gishiri, labarin wata da ke jiran mutumin da ya bi ayarin raƙuma. A ƙarƙashin hoton fim ɗin akwai wani siririn jan layi mai nuna inda aka tsaya. Duk wanda ya kalla a cikinsu, layin ya matsa a wayar ɗayan.

Ba su shirya ba. Wata la'asar ce Safina ta buɗe, ta ga layin ya wuce inda ta bar shi. Ta ɗan ja baya kaɗan don ta ji abin da ya gabata, sai ta ji mai ayarin yana cewa, “Ki ci abinci, kin rame.” Daidai nan aka tsayar.

Ta daɗe riƙe da wayar. Daga nan ta ci gaba da kallo, tana jira, har ɗiyar mai gishiri ta ce, “Ina nan inda ka bar ni.” Ta tsayar.

Haka suka koma yi. Shi da rana tsaka, in shanu sun kwanta a inuwa kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya yarda. Ita da la'asar, in ta rufe keke. Wani lokaci sai mutum ya kalli rabin kashi kafin ya samu maganar da ta dace da zuciyarsa. Wani lokaci ba a samu ba, sai a tsaya kan hoton rijiya ko na hanya, a bar ɗayan ya fassara.

A faɗi gaskiya, wannan wayo ne, kuma wayo da rantsuwa ba su kwana ɗaki ɗaya. Safina ta sani. Shi ya sa take juya wa ƙofar Inna baya in za ta buɗe wayar. Amma wanda bai taɓa zama cikin gida cike da mutane ba tare da mai ce masa “yaya kika kwana a ranki” ba, kada ya yi saurin yanke mata hukunci.

Kamfanonin nan kuwa ba su san so ba, ƙarshen wata suka sani.

Da fari suka ƙara kuɗi. Bayan sallah suka sake ƙarawa. Sannan abin ya fara watsewa. Da can taga ɗaya ce, ka biya ka ga komai. Yanzu ƙwallo ya koma wani kamfani, fina-finan fassara suka koma wani, wasan dariya wani. Tuwo a wannan gida, miya a wancan, gishiri a na uku, kuma kowace ƙofa da mai miƙa hannu. Samarin Agiye suka rarrabu, kowa da abin da aljihunsa ya iya, har hirar fim ta mutu a fada, wato majalisar samari, don abin da wannan ya gani jiya wancan bai gani ba.

A cikin wannan ne jan layin ya daina motsi.

Safina ta ce rezo ne. Ta ce ko wayarsa ta faɗa ruwa. Ta tsaya kan “Ina kake?” ta kwana biyu, ta dawo ta tarar da layin inda ta bar shi. Ta tsaya kan kuka. Ta tsaya kan wata doguwar magana ta reni, don ta tsokane shi. Shiru.

Abin da ya fi ci mata rai, abonman bai yanke ba. Wata ya mutu, wani ya kama, taga tana buɗe. Ashe yana da rai, yana da kuɗin biya, leƙowa ce kawai ba ya yi.

Sannan sanarwa ta fito a kan allon. Sabon zangon Ɗiyar Mai Gishiri ba zai zo Tagar Gari ba. An sayar da shi ga wani kamfani, Allon Zinari, mai kuɗi kusan ninki biyu.

Ranar ko zare ba ta iya sawa a allura ba.

Munir ya zo da hantsi, da yadi a leda, wai ɗinkin ƙanwarsa. Shi ne mai butik, wato shagon wayoyi, kusa da tasha, abokin Muttaka tun suna 'yan makaranta a lakol. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya saba duk abin da ya sa wa ido yana da farashi.

“Hajiya tela, sannu da aiki. Na ji an ce Ɗiyar Mai Gishiri ta tashi daga unguwarku, ta koma unguwar masu hali.”

“Allah shi kai ta lafiya,” ta ce, ba ta ɗago ba.

“Haba dai. Ke da ake jin kukan fim ɗin nan daga rumfarki har bakin titi? Ba ki son sanin ko ayarin ya dawo?”

Tana so. Ba don ayarin ba. Muryar mai ayarin ta daɗe da zama muryar Hamma a kunnenta, kuma ita kaɗai ta rage mata.

“Nawa ne?” ta ce.

“Tsakanina da ke? Ni duka kamfanonin nake biya, babban abonma, ko ɗaya ba ni da lokacin kallo. Taimakona za ki yi, ki rage mini asara. Kawo salular.”

Ta miƙa. Ya yi ta latse-latse, ya ɓata fuska.

“Wayarki ta cika, sai an goge wani abu. Wanga tsohon, Tagar Gari, mi yake yi maki yanzu?”

Safina ta dubi ɗan hoton tagar. Ta tuna la'asar nawa ta buɗe ta tarar da kango. Zuciya ta taso mata.

“Goge,” ta ce.

Da bakinta ta faɗa. Babu wanda ya sa ta.

A sabon gidan komai ya fi kyau. Hoto tas, murya tas. Jan layi ma akwai, amma ita kaɗai ke tura shi. Takan tsaya kan magana mai daɗi don sabo, sai ta tuna babu mai zuwa ya gani. Ta yi ta kallo duk da haka, kamar mai cin tuwo ba gishiri don kada ya kwana da yunwa.

Bazara ta yi nisa, an fara gyaran gonaki, Muttaka ya dawo daga masallaci bayan azahar ya zauna kan turmi.

“Inna, Juma'a mutanen Munir za su taho da goron tambaya.”

Safina tana wanke kwanoni. Ta ɗago.

“Tambayar wa?”

“Akwai wata a gidan nan bayan ke? Ko Inna za su nema?”

“Yaya, ni ban ce ina son shi ba.”

“Ba ki ce ba, kin ci. Wata nawa kina cin toshinsa?”

“Wane toshi? Wallahi ko sabulu bai taɓa ba ni ba!”

“Abin da kike kallo kullum la'asar, wa ke biya? Ni?”

Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

“Fim ne fa, Yaya. Ya ce asara zan rage mashi.”

“To, a fada ba haka ya faɗa ba, kuma duk gari ba haka suka ji ba. Ke ba baƙuwa ba ce a Agiye. Mace in ba ta son mutum, ranar da ya ba ta abu ranar take mayarwa. In ta riƙe ta yi amfani da shi, ta amsa. Atamfa ana mayarwa, turare ana mayarwa. Abin da ido ya ci, a wace leda za ki zuba ki mayar?”

Ya tashi ya kaɗe rigarsa.

“Ni ban yi maki dole ba. Amma ba za ki sa a ce gidan Malam Mudi ana ci a goge baki ba.”

Ya fita. Safina ta rarrafa ta dafa gwiwar mahaifiyarta, hawaye na zuba.

“Inna, ki ce wani abu. Inna, kin san inda raina yake.”

“Na sani.”

“Na riƙe maki rantsuwa. Ko a mafarki in ya yi magana sai in toshe bakina.”

Inna Indo ta yi ajiyar zuciya.

“Safina, ni na haife ki, ba zan tura ki inda ba ki so ba. Amma in tambaye ki. Rantsuwa ke ta ɗaure. Shi mi ya ɗaure shi? Namiji mai so da gaske manya yake turowa. Ko a kore su, sun dai zo. Tun girbin bara ina zaune a gidan nan, ko kaza ba ta shigo daga rugarsu ba. Ina yake?”

Tambayar da Safina take yi wa kanta ce kullum.

“Shekaru ba su jiran kowa, ɗiyata. Munir yana da surutu, amma ya zo ta ƙofa.”

Safina ta shiga ɗaki ta kwanta da rana, ta juya wa bango fuska. A waje 'yan mata na wucewa suna dariya. Ta ji kamar duk duniya an haɗa ta biyu-biyu, ita ce aka ƙirga aka samu saura.

Ranar kasuwar Cadawa ta shiga mota da ɗinkin da za ta kai wa wata mai shago. Ta kai, ta karɓi sabon aiki, ta bi ta layin masu nono don ta gajarce hanya. Nan ta yi kiciɓis da Zulai, yayar Hamma, wadda ke aure a wata ruga kusa da garin. Tana zaune bayan ƙoranta, tana korar ƙuda da faifai.

Safina ta so ta wuce. Ƙafa ta ƙi.

“Adda Zulai, ina wuni?”

“Jam,” in ji Zulai, ba ta dube ta ba. “Amarya. Nono za ki saya ko kallo? Na ji kallo kika fi so.”

“Adda, mi na yi maki?”

“Ni? Ba komai. Allah shi sa albarka. Mai butik ya fi mai sanda.”

Safina ta durƙusa, ta manta da kasuwa, ta manta da idon mutane.

“Shi ya fara barina! Na yi ta jira, na yi ta jira, bai ƙara leƙowa ba. Yana biya amma ba ya zuwa. In ya gaji da ni, don mi bai yanke ba in sani?”

Sai yanzu Zulai ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta.

“Ke da gaske ba ki sani ba?”

“Mi?”

“Mutanen tagar nan sun aiko mashi saƙo tun sanyi. Sun ce waya biyu a gari biyu ba gida ɗaya ba ne. Ko ya biya na mutum biyu, ko ya zaɓi waya ɗaya. Na mutum biyu ya fi ƙarfinsa, shanun ba nashi ba ne, na Bappa ne. Ya zaɓi taki.”

Safina ta ji kasuwar ta yi nisa.

“Ya cire kansa?”

“Ya cire kansa. Duk wata yana takawa da ƙafa har Gidan Rumji ya biya abin da idonsa ba ya gani. Da suka ƙara kuɗi ya bar shan shayi. Hamma! Wanda in bai sha shayi ba ko saniyarsa ba ta gane shi. Aka tambaye shi, ya ce ciki ke damunsa.”

“Don mi bai aiko an gaya mini ba? Ke ba ga ki nan ba?”

Zulai ta yi wani murmushi mai ɗaci.

“Ya aiko ya ce wa mace kuɗinsa sun kasa? Ke kin san Fulani kuwa? Mu ko yunwa za ta kashe mu a gidan mutane, cewa muke mun ƙoshi. Ni ma ba gaya mini ya yi ba, sai da na matsa wa ƙaninmu. Ya ce ke dai ki samu abin ɗebe kewa, ya ishe shi.”

Hawaye suka ɓalle wa Safina. Zulai ba ta tausaya ba tukuna.

“Tsaya, ban gama ba. Kwanaki sai ga wani saƙo daga mutanen. Wai sun yi kewarsa, an daɗe ba a buɗe taga ba. Ya karanta ya sake karantawa. Ya ce ko ba ki da lafiya. Sai masu zuwa kasuwa suka kai labarin mai butik. Tun ranar bai ƙara ambaton sunanki ba. Wannan watan shi ne na ƙarshe. Ruwa ya sauka a arewa, jibi za su tashi da shanu, can kuwa babu rezo sai na Allah.”

“Inna ta ce da yana so da ya turo manya.”

Zulai ta ajiye faifan da ƙarfi.

“Bai turo ba? Bappa Jaye, da furfurarsa, ya hau mota tun daga Gidan Rumji bayan girbi, da goro a aljihu da ban haƙurin gona. Ya yi sallama a ƙofarku. Yayanki ya fito ya sallame shi a tsaye, a rana. Ko tabarma, ko ruwa. Dattijo irin wannan ba ya zuwa sau biyu sai an kira shi.”

Safina ba ta san yadda ta kai tasha ba. A mota an matse ta tsakanin buhun gero da wata mai goyo, tana kuka ba sauti, mai goyon tana ce mata, “Haƙuri, baiwar Allah, duk mai rai mamaci ne.”

Ta iso gida da la'asar. Inna Indo tana tsakar gida tana tsinke zogale. Muttaka bai dawo daga gona ba.

Safina ta zauna a ƙasa ta faɗi komai. Jan layin, da yadda suka riƙa magana da bakin 'yan fim, da shayin, da saƙon. Inna tana ji, hannunta bai tsaya ba.

“Ashe rantsuwar da kika yi mini, rami kika haƙa a ƙarƙashinta kamar gafiya.”

“Na yi laifi, Inna.”

“Kin yi. Kuma ga inda wayo ya kai ku. Kun ba kamfani amanar zuciya, wanda ko sunanku bai sani ba. Ya raba ku don ya sayar da ku ɗai-ɗai, ku kuma kowa ya zauna yana zargin ɗan'uwansa.”

Sai Safina ta faɗi zuwan Bappa Jaye.

Nan hannun Inna ya tsaya.

“A ƙofar wa?”

“Ƙofarmu.”

“A tsaye?”

“A tsaye, Inna. A rana.”

Inna Indo ta ture tiren zogalen gefe. Malam Mudi, a zamaninsa, ko wanda ya yi ƙararsa gaban sarki in ya yi sallama sai ya sha ruwa kafin a yi magana.

Safina ta ciro wayar. A gaban mahaifiyarta ta goge Allon Zinari.

“Abin da na ci na Munir zan biya, ko akuyata ce in sayar.”

“Za ki biya. Gwaggonki Hasiya za ta kai mashi har butik, da rana, mutane na gani. Toshin da bai bi ta hannun uwa ba ciniki ne, ciniki kuwa da kuɗi ake rufe shi. To, mi kike latsawa kuma?”

“Tsohuwar tagar nake mayarwa. Ban kira ba, Inna, ban rubuta ba. In mutanen sun gaya mashi an rufe, wataƙila su gaya mashi an buɗe.”

“Gafiya,” in ji Inna. Amma ba ta hana ba.

Tagar ta sauka a hankali, rezo na ja yana saki. Safina ta sa lambar asusun da ta haddace tun bara. Allon ya yi juyi, sannan rubutu ya fito. An aika kod zuwa wayar mai asusu. A sa shi kafin lokacinsa ya wuce.

Ta zura wa rubutun ido. Wannan sabuwar doka ce, ba ta san da ita ba.

“Mi ya faru?”

“Sai da lambobin sirri, Inna. Sun aika mashi. In bai ba ni ba, ba ta buɗewa.”

“To, ai sun gaya mashi ke nan.”

Suka zauna. Wayar tana kan tabarma tsakaninsu. Akuya ta zo tana satar zogale, babu wanda ya kore ta. Safina tana tunanin ko yana daji inda babu rezo. Ko ya gani ya mayar aljihu. Yana da gaskiya in ya yi haka. Mutumin da ya bar shayi dominta, ita ta goge shi da kalma ɗaya don wani ya ce wayarta ta cika.

Allon ya dushe. Ta taɓa shi ya dawo. Ya sake dushewa.

Sai wayar ta yi ƙara.

Sunan ya fito ɓaro-ɓaro. Safina ta kai hannu, ta janye kamar ta taɓa garwashi. Ta haɗa hannuwanta a cinya. In ya kira ba za ta ɗauka ba. Haka ta rantse.

Ƙara ta biyu. Ta uku.

“Inna,” ta ce. “Inna, za ta yanke.”

Inna Indo ta dubi ɗiyarta, ta ga hannuwan da suka riƙe juna har jijiya ta fito. Ta goge hannunta a zani.

“Ni dai ban rantse wa kowa ba.”

Ta ɗauka, ta riƙe nesa da kunne irin riƙon tsofaffi. Gidan shiru, ana jin komai. Iska, da kukan maraƙi daga nesa, sannan muryar da Safina ta kusa shekara ba ta ji ba. Babu sallama, babu suna. Ya san da rantsuwar, ba ya so ya sa ta amsa.

“Tara,” in ji Hamma a hankali. “Uku. Uku. Bakwai...”

Safina ta toshe baki da mayafi.

“Kai!” in ji Inna. “A rugarku ba a gaisuwa?”

A can kamar ma an ji sanda ta faɗi.

“Inna... ina wuni, Inna. Ban san... Allah shi ba ki haƙuri.”

“Lafiya lau. Riƙe lambobinka, mun gode, tagar nan ta isa haka. Ka gaya wa Jaye, Indo matar marigayi Malam Mudi ta ce tabarmar da aka hana shi tana nan. Ban san ya zo ba sai yau. Shi taho kafin Juma'a.”

“Inna, shanu jibi za su tashi.”

“Shanu sun san hanyar arewa tun ba a haife ka ba.”



“To, Inna.” Ya ɗan tsaya. “Inna... ki ce mata ta ci abinci.”

Kukan da Safina ta riƙe ya ƙwace. Inna ta kashe wayar, ta ajiye a fili kan tabarma, ba ta ɓoye ba.

Daga waje aka ji ƙarar babur ɗin Muttaka yana shigowa layi.

Safina ta zabura, ta dubi ƙofa, ta dubi mahaifiyarta.

“Share hawayenki,” in ji Inna Indo, ta jawo tiren zogalenta. “Shiga ɗaki ki ɗauko tabarmar ubanku, babbar. Ki shimfiɗa ta a zaure tun yanzu. Yayanki nake so shi fara ganinta.”